A Nan Sama Ba Ni Da Jam'iyya

Mutumin Gombe da Abuja ta kira yana da hanya biyu, kowace da abin da take ci. Ta ƙasa yini take ci, da ƙugu. Ka fita da asuba, ka wuce Bara da Alkaleri, ka haye gadar Dindima, ka ratsa Bauchi da Toro ka hau Jos, ka gangara Hawan Kibo bakinka ɗauke da salati, sannan Akwanga da Keffi, ka iso Mararaba ka tarar da cunkoson motoci yana jiranka. Ta sama kuwa aljihu take ci, amma tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka. Sana'ata hatsi ce, a Tudun Hatsi nake, kuma mu ba ma son kashe kuɗin da buhu bai kawo ba, don haka mota na saba bi.

A watan Agustan 2023 lissafin ya birkice. Tun ranar 29 ga Mayu da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500, a watan Yuli kuma ta kai 617 a Abuja. Kuɗin mota ya ninka, ga damina ta farfasa hanya. Ana cikin haka wani mai kamfanin abincin kaji ya bugo mini ya ce in ban bayyana gabansa kafin Juma'a ba, odar masarar da muke magana a kai mutanen Saminaka zai ba. Na auna kuɗin jirgi da asarar odar, na sa yaro ya yanko mini tikiti a waya.

Filin jirginmu yana Lawanti, cikin ƙaramar hukumar Akko, a kan hanyar Bauchi. Da ka bar Tumfure gari ya fara sakinka, sai gonaki dama da hagu. Ɗan hatsi ba don sha'awa yake kallon gona ba, ƙidaya yake yi. Masara ta yi goyo a wasu wuraren, a wasu kuma ganyenta ya yi rawaya tun daga ƙasa, alamar mai gonar ya ji kuɗin taki ya ja da baya. Na ce wa ɗana da ke tuƙi, bana duk wanda ya adana masara zai yi dariya. Ya ce, "Baba, mai sayen mudu fa?" Na ce ya kula da hanya.

A zamanin Gwamna Danjuma Goje aka gina filin. A watan Yunin 2023 ne aka sanar da cewa an raɗa masa sunan Birgediya Zakariya Maimalari, cikin filaye 15 da aka sauya wa suna, sai dai ban taɓa jin wanda ya tare mota ya ce a kai shi Maimalari ba, Lawanti kowa ke cewa. Amma sunan ya tsaya mini a rai, saboda filin maƙwabtanmu na Bauchi sunan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi, kuma juyi ɗaya ne ya ci mutanen nan biyu, na 15 ga Janairun 1966, ɗaya Firayim Minista, ɗaya hafsan soja da ya yi karatu a Sandhurst ta Ingila. Mu kuma jihar tamu soja ne ya ba mu ita: Janar Sani Abacha ya yanke ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996. Shi ya sa in ana maganar soja da mulki a Gombe, za ka samu mai tsinuwa da mai godiya a kan benci ɗaya. Wani lokacin ma mutum ɗaya ne.

Ga shi a watan babu maganar da ake yi sai ita. Ranar 26 ga Yuli dakarun tsaron fadar Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ba su wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi sun je da farko ba su ga Tchiani ba. Majalisar Dattawa ta ce a bi ta sulhu. Duk da haka ranar 10 ga Agusta shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana, kafin malamai su je Yamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau a karɓe su. Gombe ba ta cikin jihohi 7 da suka yi iyaka da Nijar, amma kasuwa ba ta san wannan ba. In tirela ta maƙale a Jibiya ko Illela, in dabba da wake suka daina shigowa Maigatari, kafin mako ya zagayo mun ji a farashi.

A gaban kantar kamfanin jirgin, mutum biyu ne a gabana cikin kaki mai dabbare-dabbare. Ɗaya mai anini uku, kyaftin ke nan, siriri, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ɗayan saje ne mai igiya uku, ya girme shi, yana dogara sandar asibiti, ƙafarsa ta hagu a naɗe. Daga hirarsu da mai ɗaukar kaya na ji daga wajen Biu suka fito. Mutanen kudancin Borno da yawa nan suke zuwa hawa jirgi, don Gombe ta fi musu Maiduguri sauƙi.

Yaron da ke kanta ya karɓi katin shaidar kyaftin, ya duba, ya yi murmushi, sannan ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji: "Oga, mu yaushe za ku yi mana irin na Nijar? Mun gaji fa!" Wasu suka yi dariya. Kyaftin bai yi ba. Ya miƙa hannu ya karɓi takardarsa, ya ce na gode, ya haɗa jakar sajen da tasa ya wuce. Yaron ya dube ni yana neman mai taya shi, ya ce, "Baba, wasa fa nake yi masa." Na ce na sani, auna mini jakata.

Wasan ne na riga shi sani. Yaron nan da wuya in ya taɓa farkawa da safe ya ji an katse shirin rediyo da taken soja, don rabonmu da mulkin soja tun 29 ga Mayun 1999. Ni kuwa ina da wayona lokacin da aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa a watan Maris na 1986, ministan Abuja ne, abokin Babangida tun yarinta, abotar ba ta cece shi ba. Ina nan a 1995 da aka ɗaure Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa da 'yan jarida a kan zargin juyin mulki, 'Yar'aduwa bai fito da rai ba, a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disambar 1997. Cikin waɗanda aka ɗaure akwai waɗanda laifinsu, a faɗar kotun soja, shi ne sun ji ba su kai rahoto ba. Wato a wurin mai kaki jin maganar ma kaya ne. Soja yana da ƙuri'a kamar kowa, amma ba shi da jam'iyya, kuma sashe na farko na tsarin mulkin 1999 ya haramta karɓar mulki ta kowace hanya in ba wadda ya tanada ba. A cikin watan nan sai da Hedikwatar Tsaro ta fitar da sanarwa tana tir da masu kiran soja su karɓi mulki. A irin wannan lokacin ne ma'aikacin kamfani, sanye da rigar kamfani, riƙe da katin mutum mai ɗauke da sunansa da lambarsa, yake yi masa wasa.

Hadari ya haɗo daga gabas, aka ce jirgin da zai ɗauke mu ya jinkirta tasowa daga Abuja. Muka yi azahar, muka dawo zauren jira. A nan na fara lura da Alhajin. Shadda ce a jikinsa mai maiƙo, hula zanna-bukar, waya biyu a hannu, ya kunna labarai a ɗaya yana yi wa mai karantawa gyara. Irin mutanen nan ne da ba su da mugunta, sai dai Allah ya ba su murya ya hana su birki. Ya gaisa da kowa, ya raba goro, ya ba mu tarihin kwangilar da ya yi ba a biya shi ba. Sau da yawa yana jefa magana yana kallon ɓangaren da sojojin suke zaune, su kuwa sun ba shi keya suna kallon ruwan da ke zuba a kan titin jirgi.

Da ƙafa muka taka zuwa jirgi, ƙasa a jiƙe. A bakin ƙofa babbar ma'aikatan cikin jirgin ce ke tarbar mutane, mace mai matsakaicin shekaru, Hausarta irin ta Jos. Da ta hango saje a ƙasan matakala sai ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta bar shi ya hau a hankali ba mai ture shi. Da ya iso ta ce, "Sannu da aiki, yallaɓai. Allah ya ƙara sauƙi." Haka ta ce wa kyaftin sannu da aiki. Ban ga siyasa a nan ba. Duk wanda ke Gombe ranar 14 ga Fabrairun 2015, da Boko Haram suka tunkaro garin, soja da jirgin yaƙi suka mayar da su, aka sa mana dokar hana fita, ba zai ji nauyin ce wa soja sannu ba, ko wace jam'iyya yake yi.

Rigimar farko kujera ce ta jawo ta. Kwamfuta ta ba saje kujerar bakin ƙofar gaggawa, wadda kowa ke so saboda wurin miƙe ƙafa. Ya zauna ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ka ga mutum ya samu sa'ida. Sai ga ta ta zo ta durƙusa a gefensa. Ni ina layin da ke bayansu, na ji ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Wanda ke nan shi zai buɗe ƙofar nan in wani abu ya faru, ya kuma taimaki mutane su fita. Da ƙafar nan doka ba ta yarda in bar ka a nan ba. Ga wuri a baya kusa da Baba, babu kowa a tsakiya, za ka samu inda za ka ajiye ta." Saje bai ce uffan ba, ya fara laluben sandarsa. Soja ya san oda in ya ji ta.

Alhaji ne ya ƙi sani. "Kun gani ko! Mutum ya ba da ƙafarsa saboda ƙasar nan, kujera ma an hana shi. Ita ce gwamnatin da aka ce mun zaɓa!"

Ta miƙe ta fuskance shi, fuskarta a sake. "Baba Alhaji, ba gwamnati ce ta tashe shi ba, ni ce. Ko gwamna ne ya zo da sanda, tashinsa zan yi." Ta roƙi kyaftin ya dawo bakin ƙofar, ta yi masa bayanin yadda ake buɗe ta dalla-dalla, shi kuma ya saurara har ta gama, ya ce ya fahimta. Sanarwar ɗaura bel da ta rigar ruwa da aka yi da Turanci, ita ta bi tsofaffin da ke ciki ta maimaita musu da Hausa. Wannan kam ya kamata kamfanonin da ke zuwa Arewa su mayar da shi doka, ba su bar shi ga kirkin ma'aikaci ba. Sanarwar da rabin jirgi bai ji ba, wa aka yi wa?

Ɗan ƙanwata ya yi kwas a kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, shi ya taɓa warware mini abin da yawancinmu ba mu kula da shi ba. Waɗannan da muke ɗauka masu raba lemo ne, lasisi gare su daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kamar yadda matuƙi ke da nasa. Ana koya musu kashe gobara, da ceton wanda numfashinsa ya tsaya, da iyo, da fitar da mutane. Ƙa'idar babban jirgin fasinja ma ita ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ko da rabin ƙofofin ba su buɗu ba. Lemo da biskit ƙari ne. Ainihin aikin shi ne ranar da abu ya ɓaci, ta ce ku sunkuya kowa ya sunkuya, ta ce ku bar kayanku kowa ya bari, ba tare da wani ya tsaya yana tunanin ai wannan 'yar jam'iyyar su wane ce ba.

Muka tashi. Ƙasa kore shar, Gongola ya cika ya yi ja. Can ƙasa a iyakar Gombe da Bauchi Kolmani take, inda Buhari ya zo a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar da haƙar mai, mu da aka ce muna zaune a kan mai ga shi muna sayensa da tsadar da ba mu taɓa gani ba.

Da fitilar bel ta mutu, Alhaji ya kwance nasa, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Sauyin kujerar nan ya kawo masa kyaftin kusa, hanyar tsakiya ce kawai ta raba su.

"Kyaftin, tsakaninka da Allah. In aka ce ku shiga Nijar, shiga za ku yi? Za ka ɗaga bindiga ka harbi Bahaushen Maraɗi? Babarbaren Diffa fa?"

"Alhaji, wannan ta fi ƙarfina."

"Ba ta fi ba! Ba kai za a tura ba? Masu ba da odar 'ya'yansu na Landan. To bari in gaya maka, maimakon ku je Yamai, ga inda ya fi kusa." Ya nuna gaban jirgi da baki, wato inda muka dosa.

Jirgi ya yi tsit, kowa ya kasa kunne. Wani saurayi da ke gaban Alhaji ya juyo ya ɗaga waya, ya saita ta daidai ƙirjin kyaftin, inda aka ɗinka sunansa. A daidai nan ƙaramin ma'aikacin jirgin ya iso da keken lemo. Yaro ne fes-fes, da gani sabon shiga ne, Alhaji kuwa ya cafke shi: "Kai ɗan samari, faɗi gaskiya, albashinka na kai ka ƙarshen wata?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Ina fa, Alhaji! Wallahi mu ma jira muke su oga su taimaka." Ya kashe wa kyaftin ido.

Ban ga tasowarta ba, sai ganinta na yi ta dafa keken. Ta ce wa yaron da Turanci ya je baya ana nemansa. Muryarta ba ta tashi ba, amma ya tafi ba waiwaye. Ta juya ga mai waya: "Ɗan'uwa, don Allah sauke wayar nan. Ba a ɗaukar fasinja ba da izininsa ba. Abin da ka ɗauka kuma goge shi a gabana." Saurayin ya fara ai 'yancinsa ne. Ta ce, "To, bari in sanar da matuƙi, in mun sauka sai ka yi wa jami'an tsaro bayanin 'yancin." Ya goge, ya nuna mata.

Alhaji ya koma kanta. "Ke 'yata, ke ba 'yar ƙasa ba ce? Ba kya sayen mai? Ba kya sayen shinkafa?"

"Ina saye, Baba. Katin zaɓe ma ina da shi, na kuma sha rana a layi. Amma a nan sama ba ni da jam'iyya. Su kuma waɗannan bayin Allah, ko suna da amsa, kakin da ke jikinsu ya hana su ba ka. Ka bar su su sha ruwa. Shayi zan kawo maka ko lemo?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce shayi, kuma kar a cika sukari.

Wayar nan ita ta fi tayar mini da hankali. A 2020 wani bidiyo ya fita na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan rundunar Lafiya Dole a lokacin, yana bayanin halin da dakarunsa ke ciki a fagen daga. An ɗauke shi daga muƙamin, kotun soja ta same shi da laifin karya ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta, ta rage masa girma. Janar ke nan. To ina ga mai anini uku da za a gani a TikTok, sunansa a ƙirji, ana yi masa tayin juyin mulki, ma'aikacin jirgi na kashe masa ido? In ya yi murmushi, a bariki a ce ya yarda. In ya ɗaure fuska ya kare gwamnati, a gari a ce karen 'yan siyasa ne, a bi shi da zagi har gidan ubansa. In ya yi shiru, a sa wa bidiyon kiɗa a rubuta a ƙasa cewa shiru ma amsa ce. Kuma ba mota ba ce balle ya ce direba tsaya in sauka.

Amma ba wannan ne ya sa na ce matar nan ta san aikinta ba. Kare soja daga bakin farar hula abu ne da mai neman suna ma zai iya. Can da ta dawo karɓar kofuna, kyaftin ya sassauta murya, sai dai ni ina bayansa ina ji, ya ce, "Madam, na gode. Irin waɗannan su suka kashe ƙasar nan da siyasarsu, sannan su zo suna..." Ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Ta karɓi kofinsa ta ce, "Yallaɓai, shi ma fasinjana ne. In ƙaro ruwa?" Kyaftin ya ɗago ya dube ta, sai ya yi dariya, ta farko da na ga ya yi tun daga kanta, ya ce a ƙaro. Da ta ce masa gaskiya ne yallaɓai, da ta yi abin da yaran nan biyu suka yi, sai dai ta ɗaya gefen, kuma da ta taimaka masa ya faɗi abin da bai kamata a ji daga bakinsa ba.

Na san akwai masu cewa wannan tsoro ne aka yi wa kwalliya, wai in ƙasa na ci da wuta duk mai baki ya yi magana. Ni ma ina da baki, kuma a kan yaƙi da Nijar ra'ayina bai yi nisa da na Alhaji ba. Ban ga ranar da Katsina za ta yaƙi Maraɗi ba, alhali sarautar Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Na faɗi haka a kasuwa, na faɗa a majalisarmu ta bayan la'asar, zan kuma faɗa wa duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'ata. Bambancin shi ne ni ba wanda ya damƙa mini ransa ya ɗaura bel. Mai shayi in ya zagi jam'iyyarka sai ka koma teburin gaba. Wadda ke riƙe da ƙofar jirgi ba ka da wata sai ita. A kan nunin da Alhaji ya yi da baki kuwa mun raba hanya. Ina yaron shago a 1984 na ga yadda soja ke fasa ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa da sunan yaƙi da ɓoye kaya, su sayar a farashin da suka ga dama, mai kaya na tsaye ba shi da inda zai kai ƙara. Alhaji mai kukan ba a biya shi kuɗin kwangila ba, a wancan zamanin ko kukan ba zai yi da ƙarfi haka ba.

Saje duk abin nan idonsa na kan taga. Sai da ƙura ta lafa ya tambaye ni sana'ata, da na faɗa masa sai ya gyara zama. Mutumin Kaltungo ne, yana da gona a gida, matarsa da ƙannensa ke nomawa, so yake ya san ko ya sayar da ragowar masarar bara ko ya riƙe. Na ce ta bara ya sayar yanzu kafin sabuwa ta shigo ta karya farashi, ta bana kuwa ya busar da ita sosai, ya zuba mata magani ya ɓoye. Muka yi maganar taki, da ƙwaro, da kuɗin makarantar yara. Ban tambaye shi ƙafar ba, shi ma bai kawo ta ba. Muna saman duwatsun Filato ne ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, na ci abinci kwano ɗaya da sojan Nijar a bakin Komadugu." Na gane inda ya dosa. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi ke nan, wadda a lokacin ta haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, kuma sojan Nijar da na Chadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram a watan Maris na 2015. Na ce Allah ya kyauta. Ya ce amin, ya koma tambayata nawa buhu yake yanzu a Kumo.

Muka sauka filin Nnamdi Azikiwe ana yayyafi. Ta sa an kawo wa saje keken marasa lafiya, ya ce shi da sandarsa zai taka, ba ta matsa ba. Ƙaramin ma'aikacin na tsaye a bayanta a bakin ƙofa, jikinsa a sanyaye. Da kyaftin ya zo wucewa ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri." Kyaftin ya ce ba komai. Alhaji kuwa ya tsaya ya tare hanya, ya ce zai kai ƙararta wurin manajansu, don ya san shi. Ta nuna masa alamar sunanta da ke ƙirjinta ya karanta da kyau, ta ce, "Allah ya huta gajiya, Baba, a gaida gida." Ya karanta har sau biyu, ya ce, "Amma shayinki ya yi daɗi," ya sauka.

Direban tasin da ya ɗauke ni mutumin Jibiya ne. Ko Lugbe ba mu kai ba ya ce, "Alhaji, yaya ka ga maganar Nijar ɗin nan?" Ƙanensa na da tirela maƙare da kaya a bakin iyaka, matar wansa kuma 'yar Ɗan Issa ce, ta je biki an rufe da ita a can. Shi ba kaki, ni ba kaki, ga ƙofa in ta yi zafi. Na gyara hula na ba shi amsa. Shi yana bayan Tchiani ɗari bisa ɗari, ni ina cewa a bar Nijar ta ji da kanta, amma kar a kawo mana nan. Muka yi ta yi, yana sakin sitiyari yana nuni da hannu biyu, har ya wuce kwanar da za ta kai mu Wuse, sai da muka zagayo ta wata gada. Da muka isa ya ce zagayen nan a kaina yake, tunda ni na ɗauke masa hankali, ga mai ya yi tsada. Muka daidaita a kan rabi, na shiga wurin mai abincin kaji, shi ma da maganar dala ya tare ni kafin mu zo kan masara.